Umma za ta fara gashin ciwon kansa, dan Allah me ake shafawa kada fatar ta ƙone?

Autar_Umma

Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah ina neman shawarar wanda ya san abin nan ko ya taɓa jinyar mai irin lalurar. Mahaifiyata ce aka gano tana da sankarar mama wato kansa bara, an yi mata aiki an cire na hagu gaba ɗaya har da kaluluwar hammata, ta gama kemo wato magungunan kashe kansa da ƙyar da taimakon Allah, yanzu saura gashi, wato haska wurin da inji don a kashe sauran ciwon. Sun ce zama 15 ne, Litinin zuwa Juma'a har sati uku, an ma riga an yi mata zane a ƙirji da alƙalamin maka an ce kar a goge.

Abinda ya ɗaga min hankali shine a wajen jiran layi mun haɗu da wata baiwar Allah da ta kusa gama nata, ta ɗan janye mayafi ta nuna mana daga wuyanta zuwa hammata, wlh fatar tayi baƙi ƙirin wani wajen ma ta saluɓe yana ta ruwa, tace ko riga bata iya sawa sai dai ta ɗaura zani. Umma bata ce komai ba amma nasan abin ya tsaya mata a rai, gata da ciwon suga kuma, ɗan ƙaramin ciwo ma daɗewa yake a jikinta bai warke ba.

Toh tunda dangi suka ji kowa da abinda yake kawowa. Gwaggona tace alobera za a dinga yankowa ana shafa ruwan safe da yamma, akwai shi ma a tukunya a gidanta. Yayana ya siyo man habbatussauda da man zaitun, maƙociyarmu tace kurkum da zuma ake kwaɓawa, wata tace lalle yana sanyaya wuri, kakarmu kuma tace duk a bar wannan a nemo man kaɗanya na ƙauye mai kyau. A asibiti kuma abinda suka ce kawai kar a shafa komai sai an tambaye su, ranar mutane sun yi yawa ban samu na tsaya nayi tambaya sosai ba.

Ni dai tambayata, cikin waɗannan akwai wanda aka tabbatar yana hana ƙonewar nan? Akwai wanda zai cutar da ita ko ya rage ƙarfin gashin? Kuma tun yanzu ake farawa ko sai wurin ya fara canzawa? Bana son mu zuba ido har ta kai halin matar nan, kuma bana son mu yi mata illa da hannunmu. Nagode Allah ya saka da alheri.

Baban_Walid

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Umma lafiya yasa kaffara ne. Ƙanwata ki riƙe abinda yayanki ya siyo, hadisi ne ingantacce a Bukhari da Muslim cewa habbatussauda waraka ce daga kowace cuta banda mutuwa, zuma kuma Allah ya ambace ta a Suratun Nahli, zaitun ma itaciya ce mai albarka. Mu a gidanmu ko ƙuna yaro yayi zuma muke sawa kuma muna ganin amfani. Ki haɗa man habba da na zaitun daidai wa daida ki dinga shafa mata, a dage da addu'a, in sha Allahu zaku ga sauƙi.

Nas_Sashen_Kansa

Wa alaikumus salam Auta, sannu da jinya, Allah ya ba Umma lafiya. Ni nas ce a sashen masu kansa, kuma yawanci ba a ma tambayarmu, sai dai mu ga wata alama a fata mu gane an shafa wani abu a gida, don haka kin kyauta da kika tambaya tun ba a fara ba. Ki yi haƙuri zan yi tsawo.

Ki fara gane yadda abin yake faruwa don shi zai sa ki iya tace shawarwarin da ake kawo miki. Gashin nan ba zafi bane irin na wuta ko tafasasshen ruwa, tana kwance ƙarƙashin injin ba abinda zata ji. Haske ne mai ƙarfi da yake ratsa jiki ya lalata ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa, ƙwayoyin kansa haka suke, amma can ƙasan fata ma akwai ƙwayoyin da aikinsu kenan haifar da sabuwar fata, su ma yana taɓa su. Fatar sama kullum zubewa take a hankali ta ƙasa tana maye gurbinta, to in aka raunana masu haifarwar sai ya zama rumbu ne ake ta ɗiba ba a zubawa, satin farko ba zaki ga komai ba, sai wajen sati na biyu zuwa na uku wurin ya fara canzawa. Shi yasa babu wani mai, na gargajiya ko na bature, da zai tare hasken nan, kuma ba a ma son a tare shi, balle ga wadda aka cire wa mama gaba ɗaya, don fatar ƙirjin da tabon aikin suna cikin wuraren da ake so hasken ya kama tunda a nan ciwon yake iya dawowa, wani lokacin ma da gangan ake shimfiɗa wani abu mai laushi a ƙirji lokacin gashin don fatar ta samu kaso mai yawa. Abinda man shafawa zai iya kawai shine ya hana bushewa, ya rage ƙaiƙayi da kumburi, ya taimaka fatar ta kai ƙarshe bata fashe ba. Kuma wannan ba ƙaramin abu bane, don in ta fashe sosai har aka dakatar da gashin to ciwon ne ya samu hutu.

Yawancin masu gashi sai fatarsu ta nuna wani abu amma ba kowa ke kaiwa inda matar nan ta kai ba. A littafi an rubuta wurin zai yi ja, mu a fatarmu jan baya fitowa sosai, duhu wurin yake yi, yayi ɗumi, ya bushe, sai ƙaiƙayi, sai ya fara ɓarewa. Mataki na gaba shine saluɓewa da ruwa, kuma yafi faruwa inda fata ke gogar fata, hammata, ƙasan mama, lanƙwasar wuya. Ƙiba da shan taba da sugan da ba a saita ba suna ƙara haɗarin, don haka awon sugan Umma da shan maganinta kan lokaci a satittikan nan yana cikin manyan abinda zaki yi wa fatar.

Yanzu kayan da aka kawo miki. Alobera shi mutane suka fi yarda da shi ko a ƙasashen waje, kuma an gwada shi da kyau. A 1996 a Amurka an raba mata 194 masu gashin mama gida biyu, wasu aka basu man alobera wasu aka basu irinsa sak amma babu alobera a ciki, ba a ga bambanci ba. A 2002 a Ostireliya aka sake da mata 225, can ma farin man asibiti mara ƙamshi yafi alobera rage bushewa da raɗaɗi. Sanyin da yake yi a jiki ne yake sa a ga kamar yana aiki. Wanda ake yankowa a tukunya kuma akwai wani ruwa mai ɗaci ruwan ɗorawa a ƙarƙashin ɓawonsa da yake sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, ga ƙura ga ƙasa. Ki ba Gwaggo haƙuri.

In kin shiga intanet zaki ga ana ta zancen wani fure wai shi kalendula. A 2004 a birnin Liyon na Faransa an gwada man sa a mata 254, masu shafa shi kashi 41 cikin ɗari ne fatarsu ta tsananta, masu shafa wani man asibiti mai suna Biafine kuma kashi 63, aka yi ta murna an samu magani. Sai a 2013 a Suwidin aka gwada a mata sama da 400 aka kwatanta shi da man shafawa na yau da kullum, babu bambanci. Labarin yawancin tsirran nan kenan, ƙaramin gwaji yayi kyau, da an faɗaɗa sai abin ya dushe. Kurkum ma haka, gwajin mutum 30 ya ƙarfafa gwiwa, da aka yi babba a Amurka da mata 686 masu haɗiyar kafsonsa aka fitar da sakamako a 2018, bai rage ƙonewar ba. Shafa shi kuwa, shi da lalle duka rina fata suke, su ɓoye mana launin da muke dubawa mu gane inda aka kwana, su kuma ɓata zanen da ake saita injin da shi. Baƙin lallen zane kam ko kusa, rini ne a cikinsa da yake ƙona fatar mai lafiya ma.

Man zaitun ne ya fita daban. A 2023 wata ƙungiyar ƙwararru ta duniya mai lura da yadda ake jinyar masu kansa, MASCC, ta tattara gwaje-gwajen da aka yi ta fitar da abubuwan da suka amince a yi rigakafi da su, cikin kayan tsirrai man zaitun ne ya samu shiga, alobera da kalendula basu shiga ba. An gwada shi a Chaina kan masu kansar bayan hanci, a Tailan kuma an haɗa shi da wani sinadari aka gwada kan matan da aka cire wa mama. Gwaje-gwajen ƙanana ne, kar ki sa ran zai hana komai da komai, amma yana da madogara. Sauran da suka amince da su na asibiti ne, akwai man mometason ko betametason da likita yake rubutawa a shafa kaɗan, akwai kuma wata leda shara-shara mai laushi da ake mannawa a wurin tun ranar farko, Mepitel Film ko Hydrofilm. A gwajin Kanada na mata 376, masu Mepitel kashi 15 da ɗoriya ne fatarsu ta tsananta, marasa ita kashi 45 da ɗoriya. Tsada gare ta, ba ko'ina ake samu a nan ba, ga zufa tana ɗaga ta, amma mometason baya wahalar samu, ki tambayi likitan Umma kai tsaye ko ya dace da ita.

Sai wanda ko sisi ba a biya, wanka. Da can hana masu gashi jiƙa wurin ake yi, har gwaji a Kanada a 2001 kan mata 99 ya nuna masu wanke wurin da ruwa da sabulu kashi 14 ne fatarsu ta saluɓe, waɗanda aka hana kuma kashi 33. Don haka kar wani yace mata kar ruwa ya taɓa.

Baban_Walid

Sista Allah ya saka da alheri na ƙaru sosai, amma naga kin tsallake habbatussauda da zuma, kuma su ne nassi yazo a kansu. Ko kina nufin suma a ajiye su ne?

Nas_Sashen_Kansa

Malam ba tsallakewa nayi ba, sun fi ƙarfin layi ɗaya ne. Bana jayayya da hadisi, nima akwai habba a gidana. Amma malamai suna kawo bayanin Ibnu Hajar a sharhin Bukhari cewa ba hanya ɗaya ake amfani da ita a kowace cuta ba, wani wurin ita kaɗai, wani wurin a haɗe da wani abu, wani a sha wani a shafa. To sanin wace hanya da wane gwargwado shine aikin masana magani.

Kuma an gwada ta. A Iran a 2019 an haɗa wani man shafawa mai kashi 5 cikin ɗari na habba aka gwada a mata 62 masu gashin mama, ya jinkirta ƙonewar ya kuma rage tsananinta. Abin farin ciki ne, amma kaga kashi 5 ne, an haɗa shi a ɗakin haɗa magani da awo, gwajin kuma ƙarami. Zallar man da ake saidawa a kwalba zafi gare shi, a 2018 likitocin fata a Faransa sun ba da rahoton mata uku da fatarsu tayi bororo ta saluɓe bayan sun shafa shi, to ina ga fatar da ake gasawa kullum wadda bata iya gyara kanta da wuri. Rabi da rabi da zaitun ɗin nan kashi 50 kenan, ninki goma na wanda aka gwada. Ni bazan sa wa mahaifiyata shi a wurin gashi ba.

Zuma kuma akwai ta asibiti da ake kashe wa ƙwayoyin cuta a sa a bandeji, ba irin ta kasuwa bace da wata ma an haɗa ta da sukari. Ga danƙo, in an zo wankewa sai an goga, gogar kuma ita ce abokiyar gabar wurin. Inda zuma tafi nuna amfani shine gyambon baki da maƙogwaro ga waɗanda ake yi wa gashi a kai da wuya. Umma kuma mai suga ce, ko sha zata yi sai da lissafi.

Hajiyar_Tudun_Wada

Ƴata sannu, Allah ya yi miki albarka yadda kike tsaye kan mahaifiyarki. Ni an yi min gashin nan shekarun baya, nawa ma yafi na Ummanki tsawo, gani nan da raina alhamdulillahi, ki karanta mata wannan ki ce wata ƴar uwarta tana gaishe ta.

Abinda nas ta faɗa gaskiya ne, ni zan ƙara miki na zaman gida. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi kaɗan, ba irin namu da sai yana tururi ba, kuma da tafin hannu ake wanke wurin, soso ya huta. Sabulun jarirai mara ƙamshi na yi amfani da shi, sabulun salo da sabulan gyaran fata duk na ajiye don suna busar da wuri. In ta fito kar ta goge, a dinga ɗan dannawa da tsohon zani mai laushi har ya bushe, musamman hammata, sannan ta ɗan zauna gaban fanka ta ɗaga hannu iska ta shiga. Kaya kuma tsohuwar atamfa da ta sha wanki ko babbar rigar auduga ta maza, a juya ta bai-bai saboda ɗinki, leshi da shadda mai sitaci da rigar mama duk sai bayan an warke. Humra da turare a kaya can ƙasa, kar ya taɓa wurin. Dilka da halawa da aske hammatar nan da reza babu su. Man zafi ma kar a kusanta, kar kuma wata ta zo tace bari a gasa mata da tawul da ruwan zafi don tsami, ko a ɗora ƙanƙara.

Girki ki karɓe mata, tururin tukunya da zafin murhu suna tayar da raɗaɗin. In zaku fita ta rufe wurin daga rana. Ki dinga duba mata bayan kafaɗa ta sama, ni can ma sai da yayi duhu don hasken yana fita ta baya in ana gasa wajen ƙashin wuya, kuma mutum baya ganin wurin da kansa. Ƙaiƙayin dare ne yafi damuna, ki yanke mata farce.

Abu biyu da nake so ki sani tun yanzu. Ranar da aka gama ba ranar ce fata take fara warkewa ba, sai ta ƙara tsananta kamar sati ɗaya zuwa biyu kafin ta juyo, ni da na ga haka kuka na yi na ɗauka wani abu ne ya lalace, ashe haka yake. Na biyu, irin wannan gashin na inji baya bin mutum gida, jikokinta su hau cinyarta ku ci kwano ɗaya, ni akwai waɗanda suka dinga ja da baya da yaransu kuma abin ya yi min ciwo fiye da fatar.

Masu zuwa dubiya kowa da ƙullin magani, ku karɓa ku yi godiya ku ajiye, ke ki zama mai tsaron ƙofa, duk wanda ya matsa kice likita ne ya hana. Mara lafiya kunya take ji, in yayarta ko surukarta ta miƙo abu tace shafa a gabana ba zata iya cewa a'a ba.

Dan_Konni

Salamu alaikum, Allah shi ba da lahiya. Maganar ƙarshe ta Hajiya ita ta sa ni rubutu. Tsohona anka yi ma gashi ga wuya a Yamai, cibiyar kansa da anka buɗe wurin gashinta a 2021, dauri sai an hita waje. Da wurin ya fara ɓarewa wani ɗan uwa ya kawo garin sassaƙe daga wajen wani mai magani, anka kwaɓa da man shanu ana sa mishi da dare, da sahe a wanke kahin a tahi likita don kar a gani. Wankewar nan da ƙarhi ita ta ida ɗaye wurin, ya kama ruwa da wari, zazzaɓi ya ruhe shi, dole anka tsaida gashin sai da anka yi maganin ciwon, zamanmu Yamai ya ƙaru kuɗin da munka zo da su sunka ƙare. Lokotoro bai yi faɗa ba, ya ce da kun nuna min tun farko da mun yi magana. Alhamdulillahi ya ida gashin daga baya. Ƙanwata duk abin da za ku sa, ko man zaitun ɗin ne, ki ɗauki kwalbar ki kai musu su gani da idonsu, kar a yi komi a ɓoye.

Autar_Umma

Wlh na rasa bakin godiya, Allah ya saka muku da Aljanna. Hajiya na karanta wa Umma tace tana amsawa kuma ki sa ta a addu'a. Malam Dan Konni Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Anti nas saura man kaɗanya baki faɗa ba, don kakarmu ta riga ta aika a kawo kuma nasan sai ta tambaya. Sannan in sun yarda da man zaitun ɗin yaushe ake shafawa, kafin a tafi ko bayan an dawo? Na kuma je kemis ɗin unguwarmu yace akwai wani kirim mai haɗi uku da yake maganin ƙaiƙayi da ƙuna duka, in siya? In kuma duk da haka wurin ya fashe me zamu yi a gida kafin mu kai ta?

Nas_Sashen_Kansa

Man kaɗanya mai ne mai riƙe laimar fata, wannan aikin yana yin sa, ga hunturu ma yana taimakawa, amma matsayinsa na man shafawa ne kawai. In zallansa ne mai tsabta, ba turare ba haɗi, fatar kuma bata fashe ba, kuma masu yi mata gashin sun gani sun yarda, to babu laifi. Matsalar na kasuwa wani an zuba turare, wani ya daɗe yayi ɗoyi, wani ma masu haɗa man gyaran fata sun cakuɗa shi da na bilicin. Kuma yana da tauri, ki narkar da shi a tafin hannunki tukuna kar a ja fatar da shi. Shi da man zaitun ki zaɓi ɗaya, in aka haɗa abu uku wurin yayi ƙuraje ba wanda zai san mai laifi. Man zaitun ki nemi na ci mai hatimi a kwalbarsa, ba wanda aka ɗura a roba ba. Tun yanzu ki gwada kaɗan a cikin damtsenta na dama kwana biyu ki ga ko zai yi mata ƙaiƙayi.

Farawa tun ranar farko ake yi, ba a jiran wuri ya canza. A shafa kaɗan da hannu mai tsabta, a kewaye zanen don mai yana goge maka. Game da lokaci, wani bincike a Amurka a 2018 ya nuna shafawa kaɗan bata canza yawan hasken da fata ke samu, sai in an lafta shi yayi kaurin milimita 3 ko fiye. Duk da haka kowane asibiti da ƙa'idarsa, ki bi tasu, mafi sauƙi dai ta je da fata a wanke a bushe, a shafa bayan an dawo da kuma kafin kwanciya.

Kirim ɗin kemis kar ki siya. Irin waɗannan haɗin akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, wato sinadarin rage kumburi da ƙaiƙayi, da maganin ƙwayoyin cuta da na makero, wasu ma su ake bilicin da su, suna sirantar da fata. Mometason ɗin da na ambata shima sitiroyid ne, shi yasa sai likita ya rubuta ya faɗi yawan da za a shafa da ranar dainawa, kuma ba a sa shi a inda ya buɗe.

In ya fashe yana ruwa, a daina sa kowane irin mai a daidai wurin. A wanke a hankali da ruwan gishirin asibiti irin na ƙarin ruwa, a bari ya sha iska, a rufe da bandejin da baya mannewa, washegari a nuna musu kafin ta hau injin. Banda auduga don tana maƙalewa, banda filasta a kan fatar da aka gasa, banda sifirit da aidin da hoda, banda fasa kafso a barbaɗa, banda toka ko garin magani. In aka rubuta mata man ƙuna mai sinadarin azurfa ki tambaya ko sai an goge kafin zama. Kuma kar ku yanke shawarar hutawa a gida don fata tayi ciwo, likita ne zai ce a tsaya ko a ci gaba. Amma zazzaɓi, mugunya, wari, jini, kumburin da yake yaɗuwa, ko hannun hagun ya kumbura yayi zafi, wannan ba a jiran gari ya waye, ku tafi asibiti a lokacin, don wadda ta sha kemo ga suga ga an cire kaluluwa ciwo yana saurin yi mata nisa.

Bayan an gama yawanci cikin sati biyu zuwa huɗu wurin da ya buɗe yake rufewa, duhun kuma watanni yake ɗauka yana washewa a hankali, wani yakan bar saura. A nan ne mata da yawa suke ɗauko man bilicin don wurin ya koma daidai, dan Allah kar a bari, fatar da aka gasa bata komawa da ƙarfinta na da. A ci gaba da man da ta saba da shi, a kare wurin daga rana, kuma ƙirjin nan da hannun hagu babu ƙaho babu tsaga ko bayan shekaru, awon jini da allura ma ta dinga miƙa na dama in da hali.